Taga ta dama ko ta hagu? Muhawara kan kujerar kallo a jirgin da zai tsallake Atlantika

Ƙanwar Kowa: Assalamu alaikum. Yayyena, shawara nake nema. A tsakiyar Fabrairu, in Allah ya kai mu, zan tashi daga Landan zuwa Niwak, filin jirgin nan da ke maƙwabtaka da birnin Niyok, in dawo bayan kwana 12. Ban taɓa tsallake Tekun Atlantika ba. Zuwan da rana ne, ƙarfe 11 na safe, dawowar kuma da dare. Tun jiya na buɗe taswirar kujerun jirgin nake ta kallonta, na rasa wadda zan taɓa. Taga dai nake so, wannan na gama yanke shawara. Amma ta wane ɓangare? Wata ƙawata ta turo mini hoton duwatsun Girinlan, babban tsibirin ƙanƙarar nan na can arewa, da ta ɗauka daga sama, tun daga ranar nake kwana da abin a rai.

Ɗan Bakin Hanya: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, in gaya miki gaskiya ko in gaya miki abin da kike son ji? Na bi hanyar nan ya fi sau goma. Abin da ke ƙasa fari ne, fari fat, awa biyar cur. Gajimare. In an yi sa'a ya yaye, sai ki ga ruwa, shi ma launi ɗaya. Ki ɗauki kujerar bakin hanya, ki miƙe ƙafa, ki tashi lokacin da kika ga dama ba tare da kin roƙi kowa ba. Hoton Girinlan kuwa, ga su nan birjik a intanet.

Mai Kyamara: Ga shi nan ya iso. Duk inda aka ambaci taga sai Yaya ya fito da wa'azinsa na bakin hanya.

Malamin Labarin Ƙasa: Ku bari a fara amsa mata tambayarta kafin a shiga rigimar. 'Yata, ki riƙe abu ɗaya: arewa ce ke da abin kallo a wannan hanya. Girinlan, Aislan, ƙanƙarar teku, hasken nan na dare, duk suna arewa. Rana kuma, ga wanda ke can arewacin duniya, ta kudu take bi. To idan jirgi ya fuskanci yamma, wato daga Turai zuwa Amurka, arewa tana hannun damanki. Idan ya juyo gabas, tana hannun hagunki. Saboda haka a zuwa ki nemi tagar dama, wadda yawancin manyan jirage ke ba harafin K, wasu J ko L. A dawowa ki nemi ta hagu, wato A.

Akwai kuma wata riba a zaman dama lokacin zuwa. Jirgin rana ne, kuma kusan tare da ranar za ku yi tafiyar, don tsakanin Landan da Niyok bambancin awa 5 ne, tafiyar kuma wajen awa 8. Wanda ke hagu rana za ta yi ta dukan tagarsa, gilashi ya yi zafi, ido ya kasa buɗuwa, dole ya rufe. Ke da ke dama ranar tana bayanki, ita ce ma ke haska miki abin da kike kallo.

Ƙanwar Kowa: Na gode Malam. Amma me zai kai jirgin da zai je Niyok can wajen Girinlan? A taswira na ga Niyok tana kudu da Landan ma.

Malamin Labarin Ƙasa: Taswirar bango ce ke yaudarar ki, don shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙulalliya ce. Ki samu taswirar nan mai kamar ƙwallo, ki ɗora zare, bakinsa ɗaya a Landan ɗaya a Niyok, ki ja ya miƙe. Za ki ga zaren ya bi ta saman Ailan, ya ratsa teku, ya faɗo ta Nufanlan a gabashin Kanada, sannan ya gangaro. Wannan ita ce gajeriyar hanya, kilomita 5,500 da 'yan kai. A shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ta yi kama da baka.

Amma fa kada in sa miki rai da yawa. Zaren bai taɓa Girinlan ba, ya bar ta can arewa da nisa. Masu ganinta kusan kullum su ne masu zuwa yammacin Amurka da Kanada, irin su Los Anjalis, San Faransisko, Siyatil da Bankuba. Su jirginsu ta tsakiyarta yake ratsawa, ya bi ta Tsibirin Bafin da Mashigin Hudson. Ki tambayi ƙawarki ina ta je.

Ƙanwar Kowa: Siyatil ta je. Wayyo.

Ɗan Bakin Hanya: Ahaf. Me na ce?

Injiniya: Kada ki karaya tukuna. Hanyar ba a kafe take ba, kullum sai an sake zana ta. Akwai wata iska mai ƙarfin gaske a can sama, daidai tsayin da jirage ke tafiya, tana kwarara daga yamma zuwa gabas kamar kogi. Da hunturu gudunta kan wuce kilomita 300 a awa. Jirgin da ke zuwa Turai nemanta yake yi ya hau, ta tura shi. Shi ya sa a Fabrairun 2020, lokacin wata guguwa, wani Boeing 747 na British Airways ya zo daga Niyok zuwa Landan a awa 4 da minti 56. Shi kuwa mai zuwa Amurka gudunta yake yi, ya kauce ta arewa ko ta kudu, don kada ta cinye masa mai.

Cibiyoyin kula da jirage biyu ne ke raba sararin wannan hanya. Ta ɓangaren Turai ana ce mata Shanwik, sunan haɗin gambiza ne na Shanon a Ailan da Firestwik a Sikotilan. Ta ɓangaren Kanada tana garin Ganda a Nufanlan. Iyakarsu layin digiri 30 yamma, kusan tsakiyar teku. Kowace rana suna duba inda iskar ta kwanta, su fitar da jerin hanyoyi. To ranar da iskar ta tare tsakiya, sai ki ga jirgin Niyok ya yi arewa sosai har ya shafi ƙarshen kudancin Girinlan. Kuma daga tsayin kilomita 11, idan sama ta washe, ido na iya kaiwa wajen kilomita 370. Ba sai kun bi ta kanta ba. In kuka gifta ta kudu da ita, masu tagar dama ne kaɗai za su gani.

Ki sa lambar jirginki a manhajar bin diddigin jirage, irin Flightradar24 ko FlightAware, ki duba hanyar da ya bi a kwanakin da suka gabata. Ba alkawari ba ne, amma zai ba ki haske.

Tsohon Matafiyi: Ni dai na gan ta sau biyu a rayuwata, kuma na farkon a hanyar Niyok ne. Ina cikin gyangyaɗi sai matuƙi ya yi magana a lasifika, ya ce masu zama a dama su leƙa. Na ɗaga murfin tagar. Wallahi sai da na cire gilashin idona na goge na mayar. Duwatsu ne baƙaƙe masu tsini sun huda farar ƙanƙara sun fito, kamar haƙoran zarto. A tsakaninsu ruwan teku ya kutsa can ciki, siriri, shuɗi mai duhu, ga wasu fararen gutsattsari a kansa kamar an watsa gishiri a faranti. Na ce wa na kusa da ni, waɗancan 'yan ƙananan mene ne? Ya ce ƙananan? Kowanne ka gani zai iya fin wannan jirgin girma. Daga bakin tekun kuma in ka ɗaga ido ciki, babu dutse babu komai, fari ne shimfiɗe har inda gani ya ƙare, ba ka iya raba shi da gajimare. Bai fi minti 20 ba muka wuce. Shekara nawa yanzu, amma in na rufe ido ina ganinsa.

Saboda haka, ɗana na bakin hanya, hoton intanet daban, ganin ido daban. Gani ya kori ji.

Ɗan Bakin Hanya: Baba, ban musa ba. Amma sau biyu cikin tafiya nawa?

Tsohon Matafiyi: Wannan kuma ba a tambayar dattijo.

Malamin Labarin Ƙasa: Farin da Baba ya gani shimfiɗe, ƙanƙara ce da ta lulluɓe wajen kashi 80 cikin 100 na tsibirin, a wasu wurare kaurinta ya haura kilomita 3. Gutsattsarin kuma daga jikinta suke ɓallewa su faɗa teku. Na yammacin tsibirin igiyar ruwa ce ke kwaso su ta gangaro da su gaɓar Labrado da Nufanlan a gabashin Kanada, galibi daga Afrilu zuwa Yuni. Irinsu ne ya nutsar da jirgin ruwan Titanic a 1912. A Fabrairu, lokacin tafiyarki, ba su ne za ki fi gani ba, sai dai tekun kansa da ya daskare a bakin gaɓa ya tsattsage. Shi ma abin kallo ne, kuma shi ya fi kusa da tabbas, don galibi ta gabashin Kanada ake shigowa.

Mai Kyamara: To ni bari in ɓata lissafin kaɗan. Kowa na ta maganar tsakiyar tafiya, an manta da sauka, alhali a nan ne abin kallo ya fi kusa da ido. Niwak tana yamma da Manhatan, wato tsakiyar birnin Niyok, kogin Hudson ne a tsakani. Idan jirgi ya sauko daga arewa ya nufi kudu, dogayen gine-ginen nan gaba ɗaya a tagar hagu suke jeruwa. Idan kuwa ya zagayo ya shigo ta kudu, a dama suke. Iskar ranar ce ke yanke hukunci, don jirgi iska yake fuskanta in zai sauka. Ni na taɓa zama a dama muka sauko ta arewa, ina jin mutanen hagu suna ta "kai! kai!", ni kuwa ban ga komai ba sai rufin ma'ajiyar kaya da manyan tituna.

A dawowa ma haka. A Hitiro, babban filin jirgin Landan, wajen kashi 70 cikin 100 na lokaci jirage ta gabas suke shigowa su fuskanci yamma, wato sai sun ratsa saman birnin Landan. Wanda ke dama shi ke ganin Kogin Tems yana lanƙwasa, da gadar nan mai hasumiya biyu, da majalisa da agogonta, da fadar Bakingham. Ga shi kuma da hunturu rana ta kudu maso gabas take ɓullowa, ita ma dama ke nan. Malam ya ce A a dawowa. Ni K zan ce.

Malamin Labarin Ƙasa: Maganarka gaskiya ce a kan Landan. Amma Landan tana nan, gobe ma za ta gan ta, a ƙasa ma tana ganinta. Hasken arewa fa? Fabrairu ce, dare mai tsawo, jirgi yana saman gajimare, yana bi ta kusa da Labrado. Mutane kuɗi suke kashewa su je Aislan ko Nowe su kwana a sanyi suna jiran sa, gajimare ya hana su. Ita an ɗaga ta sama da gajimaren kyauta, ka ce ta juya masa baya saboda agogo?

Ƙanwar Kowa: Malam, wai mene ne shi hasken nan? Ina ganin hotonsa kore-kore, na ɗauka ma gyaran kwamfuta ne.

Malamin Labarin Ƙasa: Ba gyara ba ne, ko da yake kyamara tana ƙara masa gishiri. Rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. Maganaɗisun duniya sai ya ja su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iskar da ke can sama, daga wajen kilomita 100 zuwa sama, sai iskar ta yi haske. Koren daga iskar oksijin yake. Turawa na ce masa aurora. Ƙarfinsa yana hawa yana sauka da yanayin rana, wanda ke zagayowa duk wajen shekara 11. A Mayun 2024 ya yi ƙarfin da har a kudancin Ingila da wurare da yawa na Amurka aka gan shi daga ƙasa. Ana ganinsa daga Satumba zuwa ƙarshen Maris, ba don da bazara ba ya nan ba, a'a, don a can arewa dare ba ya yin duhu sosai a lokacin. Ki duba kuma ko daren dawowarki wata ya cika, don farin wata yana disashe shi.

Ɗan Bakin Hanya: Kun ga abin da nake faɗa? Dama don Girinlan, hagu don Manhatan, hagu don haske, dama don Landan. Taura biyu ba ta taunuwa. Ni da ke tsakiya babu abin da na rasa, don ban sa rai da komai ba.

Anti Nas: Ku yi ta dariya, amma akwai gaskiya a maganarsa ta wani ɓangaren, kuma aikina ne in faɗa. Dogon zama ba motsi yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2007 cewa haɗarin yana ninkawa kusan sau biyu idan tafiya ta kai awa 4 ko fiye. Ga mai lafiya haɗarin ƙarami ne har yanzu, kada a tsorata. Amma mai taga shi ya fi kowa zama daram, saboda kunyar tada mutum biyu. Har ruwa sai ka ga ya ƙi sha don kada fitsari ya matsa masa. Mai juna biyu, da wadda ta haihu kwanan nan, da wanda aka yi wa tiyata, da mai shan maganin tsarin iyali na homon, da wanda abin ya taɓa samu, su fara ganin likita, kuma bakin hanya ya fi musu. Ke kuma ƙanwata, in kin zauna a taga, ki sha ruwa, ki riƙa juya ƙafa kina ɗaga dunduniya, ki tashi duk bayan awa biyu ko da za a harare ki. Dabarar ita ce, da zarar na kusa da ke ya tashi, ke ma ki bi bayansa.

Injiniya: Wannan ma ya danganta da irin jirgin. Ki duba a tikitinki. Boeing 767 kujerunsa 2-3-2 ne, Airbus A330 kuma 2-4-2, mutum ɗaya kawai za ki tsallake. Boeing 787 da Airbus A350 yawanci 3-3-3, Boeing 777 kuma 3-4-3 a yawancin kamfanoni, mutum biyu ke nan.

Sai layi. Kada ki zauna a kan fiffike. Fiffiken babban jirgi faɗi ne da shi, kujerun farko na ɓangaren talakawa sau da yawa a kansa suke. Nan ne jirgi ya fi rashin girgiza, amma abin da za ki kalla awa 8 shi ne farin ƙarfe. Gaban fiffike ya fi kyau, sai dai galibi na masu tsada ne. Saboda haka ki yi baya sosai, layi biyar ko shida bayan inda fiffiken ya ƙare.

Ƙanwar Kowa: Na duba, 787 ne.

Uwar Biyu: Hmm. Irin mai maɓallin nan ne? Bari in ba ki labarina. Na biya kuɗin zaɓen kujera musamman saboda yarana su ga teku, jirgin rana tsaka. Ana gama ba da abinci sai muka ga tagar ta fara yin shuɗi, ta yi duhu, ta koma kamar an shafa mata shuni. Yarona ya danna maɓallin, ya danna, shiru. Ashe ma'aikatan ne suka kulle gaba ɗaya daga wajensu, wai mutane na barci. Ƙarfe biyu na rana! Sai da muka kusa sauka suka sake. Kamfanin ba zan ambace shi ba, amma har yau abin na ci mini rai.

Injiniya: Haka tsarin yake. Tagar 787 ba ta da murfin da ake ja, gilashin ne ke yin duhu da lantarki, kuma ma'aikata suna iya sarrafa duka daga allonsu. A wani ɓangaren kuma tagarsa ta fi ta yawancin jiragen fasinja girma, kuma ko ta yi duhu ana ɗan hango waje. Kulle ta ya danganta da kamfani da kuma ma'aikatan ranar.

Ma'aikaciyar Jirgi: Tunda an taɓo mu, bari in tanka. Hajiya, ki yi haƙuri da abin da ya same ki, ni ma ban goyi bayan a kulle da rana tsaka ba. Amma ku duba ta wajenmu. Taga ɗaya tak in aka buɗe a saman farin gajimare, hasken da ke shigowa yana kaiwa layi biyar, ya kashe wa mutane allon kallo, ya tada jaririn da aka sha wuya kafin ya yi barci. Cikin minti biyu ƙararrawa ta fara. Mutum uku na cewa a rufe, mutum ɗaya na cewa kuɗinsa ya biya. Kowa kuma da gaskiyarsa.

Abin da zan ce wa ƙanwata: in an kulle, ki kira ɗaya daga cikinmu, ki ce da ita cikin lalama kina son kallon waje, ko za a sake miki taki. Ana iya sake guda ɗaya. Yawancinmu ba za mu ƙi ba. Ke kuma kada ki bar ta wangale tun daga Ailan har Kanada alhali ba abin da ke ƙasa. Ki sa taswirar tafiya a allon gabanki, ki bar tagar da ɗan duhu, in kin ga kun doshi ƙasa sai ki haska. A daren dawowa kuma ki gaya mana tun farko cewa kina son ganin hasken arewa. Matuƙa suna ganinsa kafin kowa, wani lokaci sukan gaya mana, amma ba za a yi shela a tada jirgi guda ba.

Ɗan Bakin Hanya: Ni ina cikin mutum ukun nan masu danna ƙararrawa, ban ɓoye ba.

Uwar Biyu: Ai mun sani. Akwai abin rufe ido a jakar da ake rabawa, don irinku aka yi shi.

Tsohon Matafiyi: A'a, ku bar shi. Mai taga yana da iko da tagarsa, amma zaman tare ne. Ni abin da nake yi, nakan gaya wa maƙwabcina tun kafin a tashi cewa ni mai leƙe ne, in ya dame shi ya yi magana. Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba. Wani ma shi ke cewa in tashe shi in an zo wajen.

Ku kuma tuna yadda aka fara. A Yunin 1919 wasu Turawan Birtaniya biyu, Alkok da Biraun, suka tashi daga Nufanlan a jirgin da ba shi da rufi, suka yi wajen awa 16 cikin hazo da sanyi, suka faɗa cikin wata fadama a Kilifdin ta Ailan. Su ne suka fara tsallakewa ba tsayawa. Su duk jirgin ma taga ne. Mu kuma ga mu muna faɗa a kan maɓalli.

Mai Kyamara: Baba ya kashe bakin kowa. To ga nawa guzurin, na masu ɗaukar hoto. Ki tafi da ɗan ƙyalle ki goge gilashin, don za ki tarar da maiƙon goshin wanda ya riga ki. Kada ki manna wayar a jikin tagar, karkarwar jirgi za ta shiga hoton, ki bar ɗan tsakani. Ki sa tufafi masu duhu, farar riga tana fitowa a gilashi. Bayan fiffike kuma akwai zafin da injin ke fesowa, yana sa wani yanki na hoton ya yi rawa kamar kwalta da tsakar rana, sai ki karkata kyamarar ta baya kaɗan.

Na dare shi ne mai wuya. Ki kashe allonki, ki ja bargo ki lulluɓe kanki da tagar gaba ɗaya, ki ba idonki minti biyar ko goma ya saba da duhu. Da farko abin ba kore zai zo miki ba, kamar wani farin hayaƙi ne a can gefen sama. In kina shakka, ki ɗauka da tsarin dare na wayarki. In ya fito kore, shi ne. Fitilar bakin fiffike mai walƙiya za ta ɓata miki wasu hotunan, ki yi ta ɗauka kawai.

Uwar Biyu: A ƙara da wannan: akwai kujerar taga da ba ta da taga. Bango ne kawai, saboda bututun iska ya bi ta wurin. Ƙanena ya taɓa faɗawa. A duba lambar layin a shafukan da ke nuna taswirar kujerun kowane jirgi kafin a biya.

Injiniya: Kuma a sake dubawa ana gobe tafiya. In kamfani ya canza jirgi, lambar kujerarki tana nan amma wurinta ya canza, sai ki tsinci kanki a kan fiffiken da kika gudu. Sannan za ki ga wani ɗan ƙaramin rami a ƙasan gilashin tagar yawancin jirage, kada ki tsorata. Da gangan aka yi shi, yana daidaita matsin iska tsakanin gilasan, yana kuma rage raɓa. A waje sanyi kan kai digiri 50 ƙasa da sifili, shi ya sa wani lokaci za ki ga ƙanƙara ta yi zane kamar fure a kewayensa. Bangon ma sanyi yake yi, ki riƙe rigar sanyi a hannu.

Ƙanwar Kowa: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na zaɓa: K a zuwa, can baya. A dawowa na bi Malam, A. Yaya Mai Kyamara ka yi haƙuri, Landan sai wani jiƙon.

Ƙanwar Kowa: Na dawo lafiya, ga rahoto. Yaya na bakin hanya, ka ci rabin gari: daga gaɓar Ailan gajimare ya rufe, awa huɗu ban ga komai ba. Girinlan ko ƙyallinta, taswira ta nuna mun bar ta can sama. Har na fara jin haushin kaina. Sai wajen Labrado ya yaye gaba ɗaya. Tekun ya daskare ya farfashe kamar an saki farantin tangaran a siminti, baƙin ruwa na bi ta tsakanin tsagogin. Bayan nan ƙasa ce fara, tafkuna ba iyaka duk sun daskare, babu hanya, babu gida ko ɗaya, kusan awa guda. Matar da ke kusa da ni, wadda tun farko ta ce ita barci za ta yi, sai ga ta ta kwanto a kafaɗata tana leƙe. Saukar kuma ta arewa muka yi, Manhatan ta tafi wa mutanen hagu.

A dawowa na yi yadda aka ce, na lulluɓa da bargo. Ma'aikaciyar har ta taɓa ni ta tambaya ko lafiya. Wajen awa biyu da rabi da tashi na ga wani abu kamar hayaƙi, dogo, kwance a gefen sama. Na ɗauka da waya, ya fito kore. Da ido bai kai na hoto ba, gaskiya, amma yana motsi a hankali kamar labulen da iska ke kaɗawa, ya yi wajen rabin awa. Hotuna 40 na ɗauka, uku ne suka yi kyau.

Mai Kyamara: Turo ukun. Landan fa, ta ina kuka sauka?

Ƙanwar Kowa: Ta saman birni, kamar yadda ka ce. Sai dai hazo ne ya rufe ko'ina, na dama ma ba su ga komai ba sai da tayoyi suka kusa taɓa ƙasa.

Ɗan Bakin Hanya: Sau nawa kika tada mutane?

Ƙanwar Kowa: Uku a zuwa, biyu a dawowa. Anti Nas ce ta sa ni.

Ɗan Bakin Hanya: To. Ni ina da Siyatil a watan Mayu. Injiniya, a wane layi fiffiken 777 yake ƙarewa? Tambaya kawai nake yi.